TALIYA BA SHINKAFA BA CE

 Na san waɗansu daga cikin masu karatun wannan mujalla tamu za su yi murmushi in sun ga kan maganan nan, su ce wane ya rasa abin rubutu sai zancen tukunya. 'Yan'uwana da suka riga ni sun yi rubutu a kan ladabin yara, da tsarin darasi, da amfanin karatun 'ya'ya mata, ga ni kuwa na zo da taliya. To, ina roƙo a yi mini haƙuri a karanta har ƙarshe. Hausawa sun ce sai da ruwan ciki a ke jan na rijiya. Malamin da ya kwana da yunwa, ko ya kwana da ciwon ciki, ba shi da abin kirkin da zai tsinana wa yara da safe.

Abin da ya jawo wannan rubutu shi ne, bara da aka rarraba mu gwajin koyarwa, rabona ya faɗa wata makaranta a Agege, cikin Ikko. Na sauka gidan gwaggona, wadda ta yi shekara fiye da talatin tana aure can, maigidanta kuwa fataucin goro ya ke yi. Ran nan Gwaggo ta tafi suna Idi Araba, ta bar ni da yara. Da la'asar ta yi na ce bari in nuna bajinta. Na aiki yaro ya sayo ƙunshin taliya biyu, na zuba ruwa a tukunya, na kakkarya taliyar na zuba tun ruwan bai ko yi ɗumi ba, na rufe, na koma ɗaki na hau rubuta darasin gobe. Da na ji tana tafasa na sauke, na wanke ta da ruwan sanyi kamar yadda na ga a ke yi wa shinkafa, na mayar a wuta da sabon ruwa, na sake komawa kan littafina. Ko da na tuna na zo na buɗe, sai na tarad da abu ya dunƙule wuri guda, sama ya caɓe, ƙasa ya kama tukunya.

Ana cikin haka Gwaggo ta yi sallama. Ta leƙa tukunya, ta riƙe haɓa, ta ce, "Kai ɗan nan, tuwon alkama ka tuƙa mana? To, ina miyar?" Yara suka fashe da dariya. Ta daɗa dubana ta ce, "Watau duk karatun nan naku na kwaleji bai kai bakin murhu ba ke nan?" Daren nan gari muka jiƙa muka sha, kajin maƙwabta kuwa suka yi biki da safe.

Maganan nan ta Gwaggo ta tsaya mini a rai. Daga ran nan na shiga lura, in na ci abinci a gidajen abokai, ko wajen masu sayad da abinci na bakin tasha, sai na ga ashe ba ni kaɗai ba ne. Sau da yawa taliyar da za a ajiye maka ta riga ta mutu tun a tukunya, an lulluɓe ta da mai da yaji don a rufa mata asiri. Ra'ayina dai shi ne, mun ɗauki taliya muna yi mata dahuwar shinkafa, alhali kuwa halinsu ba ɗaya ba ne, kuma ta wannan kuskure mu ke hasarar kuɗi, da wuta, da ruwa, da daɗin abincin kansa. Gyaran kuwa ba ya cin ko kwabo. Abin da ya ke bukata sanin dalili ne, da tsayawa a kan tukunya na minti goma.

Kada wani ya ce ai abincin Turawa ne, shi ya sa ba mu iya ba. Taliya ba baƙuwa ba ce a ƙasar Hausa. Tun zamanin da ayari ke ratsa Sahara, Larabawan Gadamas da na Tarabulus suna zaune a birnin Kano, manoman rani kuwa suna shuka alkama a fadamu suna ba ta ruwa da jigo. Da alkaman nan a ke yin gurasa, da alkaki, da alkubus, da finkaso, da taliya. Kakanninmu mata da hannu su ke murza ta, sili bayan sili, su shanya ta bushe, a ajiye don salla, ko biki, ko saukar babban baƙo. Larabawa kansu sun daɗe da sanin irin wannan abinci. A shekarar 1154 masanin ƙasan nan al-Idrisi ya ba da labarin wani gari mai suna Trabia a tsibirin Sisili, inda a ke yin wani abinci na garin alkama mai kama da zare, ana ce da shi itriya, ana loda shi a jiragen ruwa zuwa ƙasashen Musulmi da na Kirista.

Da hanyar jirgin ƙasa wadda ta tashi daga Iddo ta isa Kano, mutanenmu suka daɗa kwararowa Ikko, suna sauka a tashar Iddo da kayan Arewa, suna komawa da goro. Waɗansu suka zauna, zangon Agege ya bunƙasa, mata suka zo da tukwanensu da iyawarsu. A 1960 aka kafa kamfanin Flour Mills of Nigeria, injinsa na Apapa ya fara niƙa alkama a 1962. Sannu a hankali fulawa ta wadata, bayanta kuma taliyar inji ta cikin leda ta cika kasuwa. Abin da dā sai gidan sarauta da gidan attajiri, ya zama abincin ɗalibi, da ɗan dako, da gwauron da ya taso daga aiki da dare. A nan ne, a ganina, ɓarnar ta shigo. Matar da ta wuni tana murza taliya da hannunta ba ta yarda ta juya mata baya a kan wuta, don ta san wahalar da ta sha. Wanda ya yaga leda kawai ya zazzage, ba abin da zai tuna masa cewa wannan abu yana da ƙa'ida. Da ta yi araha sai aka raina ta.

Yanzu kuwa arahar ma ta tafi. Mafi yawan alkamar da a ke niƙawa a ƙasan nan daga ƙasashen waje a ke sayo ta, domin abin da a ke nomawa a Kadawa, da kwarin Haɗeja, da sauran wuraren noman rani bai kai ko kusa da bukatarmu ba. Sabo da haka duk abin da ya taɓa kasuwar duniya sai ya taɓa tukunyarmu. Yaƙin Rasha da Yukiren da ya ɓarke a watan Fabrairu na 2022 ya ta da farashin alkama, don ƙasashen nan biyu suna cikin manyan masu sayad da ita. Ran 29 ga watan Mayu na 2023 aka janye tallafin man fetur, darajar naira kuma ta faɗi a bayansa, kuɗin mota, da na gas, da na gawayi duk suka hau. Wanda ya ke shakka ya je kasuwar Iddo, inda a ke sarin kayan abinci, ya tambayi dattawan da ke zaune a kan buhuna, su ba shi labari. Ga magidanci mai 'ya'ya shida, tukunya guda da ta lalace abincin dare ne ya tafi, ba kuwa lalle ne akwai abin sayen wani ba.

To, mene ne bambancin taliya da shinkafa? Shinkafa ƙwaya ce. Daga gona ta fito, ta bi ta masussuka, ta shiga buhu, tana iya zuwa da ƙura da tsakuwa, sabo da haka wanke ta daidai ne. Ita kuma ta kan shanye ruwanta duka, a rufe ta ta turara, ba ta son a dame ta da ludayi. Taliya kuwa kwaɓi ne wanda aka riga aka yi, aka matso shi ta cikin inji, aka busar. Abu biyu ne muhimmai a cikinta. Na ɗaya sitaci, na biyu wani danƙo na alkama wanda masana ke kira gulutin, shi ne ke sa kwaɓin fulawa ya yi ta miƙewa in an ja shi. In taliya ta shiga ruwan zafi, sitacin ya kan sha ruwa ya kumbura, danƙon nan kuwa ya ɗaure ya zama kamar raga, ya riƙe sitacin a ciki. In an sauke a kan kari, ko wane sili ya fito da jikinsa, da laushi, da ɗan tauri mai daɗin tauna. In ta daɗe a wuta, sitacin ya wuce iyaka da kumburi, ya keta ragar ya fita cikin ruwa, wannan shi ne caɓewa. Mannewa kuwa tun farko ta ke faruwa. Cikin minti biyu na fari sitacin da ke bayan ko wane sili ya kan jiƙe ya yi danƙo kamar ƙaro, in ba a motsa ba sai sili ya rungumi ɗan'uwansa, daga nan kuwa ba mai raba su.

Wanda ya gane wannan, ko ba a gaya masa sauran ba zai iya fid da su da kansa. Amma bari in jera su yadda na koya, rabi daga bakin Gwaggo, rabi daga gwaji.

Na farko, ruwa. Mutanen Italiya, waɗanda suka fi kowa shahara da wannan abinci, ƙa'idarsu lita 1 ga ko wane giram 100, watau lita 5 ga ƙunshin nan namu mai giram 500. Na san abin da matan Agege za su ce. Ruwan nan saye a ke yi wajen mai ruwa, jarka jarka, wa zai zubad da lita 5 a kan taliya? Gaskiyarsu. Na gwada na gani, lita 2 ta isa ƙunshi guda, muddin tukunyar mai faɗi ce, kuma mai dahuwa yana tsaye da cokali. Yawan ruwa hutu ne ga mai dahuwa, wanda ya rage ruwa sai ya biya da motsawa.

Na biyu, gishiri. A cikin ruwan a ke zuba shi kafin taliya ta shiga, domin tare da ruwan ya ke ratsa cikinta. In ta riga ta dahu salam, ko an barbaɗa mata mudu guda a bayanta zai tsaya. Babban cokali ɗaya shafaffe ya isa lita 2. Wanda ya yi haka sai ya rage gishiri da magi a miya, don Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada babban mutum ya kai giram 5 na gishiri a yini, hawan jini kuwa ba baƙo ba ne a gidajenmu.

Na uku, a bari ruwa ya tafasa sosai kāna a zuba taliya, a motsa nan take, a yi ta motsawa har minti biyu. Waɗansu su kan tsiyaya mai a cikin ruwan wai don kada ta manne. Duk ɗan aji huɗu ya san mai a kan ruwa ya ke tsayawa, taliya kuwa tana ƙasa, yaya za a yi ya hana ta mannewa? Man nan tare da ruwan za a zubad da shi a kwata. A adana shi sai an tsane, a lokacin ne ya ke da amfani.

Na huɗu, lokaci. A bayan ledar an rubuta mintocin da ta ke bukata, galibi tsakanin 8 da 12, siririya ta fi saurin dahuwa. Amma agogo mataimaki ne kawai, haƙori shi ne alƙali. In ya rage minti biyu a ciro sili guda a gatsa, a dubi tsakiyarsa. Za a ga wani farin ɗigo kamar kan allura, wannan shi ne wurin da ruwa bai kai ba tukuna. Da zarar ɗigon nan ya kusa ɓacewa a sauke, domin zafin da ke jikinta zai ƙarasa sauran aikin. Wanda ya jira sai ta yi laushi duka a tukunya, kafin ta kai faranti ta wuce.

Na biyar, a ɗebi kofi guda na ruwan dahuwar a ajiye, sa'an nan a juye taliya a gwagwa ta tsane, kada a wanke. A zuba ta nan da nan cikin miya, ko cikin mai da soyayyar albasa, a juya. In ta yi ƙarfi a tsarga mata ruwan nan da aka ajiye. Ɗan sitacin da ke bayanta shi ne ke kama miya ya riƙe, in an wanke shi sai miyar ta sulale ta taru a gindin faranti, a ci taliya daban, a sha miya daban. Wannan ya nuna dole miya ta riga ta haɗu tun ba a ɗora taliya ba. Gwaggo ta kan ce miya ke jiran taliya, in taliya ta jira miya an yi hasara.

Na san akwai masu ja da ni, kuma maganarsu ta cancanci amsa. Waɗansu sun ce a kan tafasa taliya a wanke don a fid da sitaci, wai shi ke sa ƙiba da ciwon sukari. Amsa ita ce, kimanin kashi 70 cikin 100 na busasshiyar taliya sitaci ne. Abin da ruwan sanyi zai ɗauke ɗan na bayanta ne kurum, in ana son a raba ta da sitaci duka sai dai a bar ta a kanti. Har ma abin ya kan juye, domin taliyar da ta sha dahuwa biyu ta yi lugub ta fi saurin narkewa a ciki, ta fi saurin ta da sukarin jini, a kan wadda aka sauke da ɗan ƙarfinta. Mai ciwon sukari abin da zai taimake shi rage yawan abin da ya ke zubawa, da ƙara ganye da wake, da bin maganar likitansa.

Waɗansu kuma sun ce wannan dahuwar tawa ta Turawa ce, ɗanyen abu za mu ci ya murɗa mana ciki. Ban ce a ci ɗanye ba. Tsakanin ɗanye da caɓaɓɓe akwai fili, a tsakiyar filin nan na ke so mu tsaya. Gidan da akwai tsohon da haƙora suka yi masa sallama, ko yaron da a ke yaye, a ƙara minti ɗaya ko biyu, ba laifi. Ban kuma ce mu kwaikwayi mutanen Italiya a komi ba. Su suna ganin karya taliya abin kunya ne, mu kuwa da cokali mu ke ci, waɗansu da hannu, yara biyar a kan tire guda, sabo da haka wanda ya ga dama ya karya abinsa. Su ci da cukunsu, mu ci da manja da yaji da daddawa. Ko wane tsuntsu kukan gidansu ya ke yi. Amma halin alkama a cikin ruwan zafi ɗaya ne, ko a Rum ko a Agege.

Sai maganar wuta, wadda ita ce ta fi ci wa iyayenmu mata tuwo a ƙwarya. Mai yi wa taliya dahuwa biyu, tukunya biyu ta ruwa ya ke tafasawa a maimakon ɗaya, ya ƙona gas ko gawayi kusan ninki. Mai ɗora ruwa ba murfi shi ma yana ɗumama sararin Allah ne da kuɗinsa. Ga kuma wani abu da mu ke koyarwa a aji mu ke mantawa a madafa. A gari irin Ikko, wanda ke daidai da bakin teku, ruwa ya kan tafasa a digiri 100, a kan tudu irin Jos kuwa wajen digiri 96. In ya tafasa ya tafasa, ko an ƙara masa wutar maƙera ba zai daɗa zafi ba, sai dai ya ƙone ya bi iska. Taliya kuwa ba ta bukatar digiri 100. Sitacinta ya kan fara kumbura tun wajen digiri 60 zuwa 70, danƙonta ya ɗaure wajen digiri 80.

A shekarar 2022, da gas ya yi tsada a Turai, wani shaihin malamin kimiyya ɗan Italiya, Giorgio Parisi, wanda ya sami kyautar Nobel a 2021, ya ba mutanen ƙasarsu shawara su rufe tukunya su rage wuta ƙwarai, ko su kashe ta, bayan taliya ta tafasa, zafin ruwan ya ƙarasa ta. Waɗansu manyan masu dafa abinci na ƙasar suka yi masa ca. Ni dai gani ya kori ji, na gwada a madafar Gwaggo. Ruwa ya tafasa, na zuba taliya, na motsa minti biyu, na rufe ruf, na kashe wuta, na jira mintocin da ke jikin leda na ƙara ɗaya. Ta dahu lafiya lau. Sharaɗinsa tukunya mai kauri, da murfin da ya zauna daidai, da haƙurin barin leƙe. Mai dahuwa da gawayi sai ya sauke tukunyar gefe ya naɗe ta da tsumma mai kauri, ya ɗora wani abu a kan garwashin.

Mai son dafa-duka shi ma ba ruwansa da tafashen fari. A soya albasa, da tumatir, da tattasai, da attarugu har ruwansu ya ƙone, mai ya taso. A zuba ruwa daidai wanda zai rufe taliya kaɗan, in ya tafasa a zuba ta ɗanya, a riƙa juyawa, in ruwa ya gaza a ƙara mai zafi. Sitacin da waɗansu ke zubarwa a kwata shi ne zai ɗaure miyar ta kama jikin taliya. In da wake za a haɗa, a tuna wake ya kan ci sa'a guda ko fiye, taliya kuwa minti goma. A dafa wake tukuna sai ya nuna, kāna taliya ta bi baya.

Wannan haɗi na taliya da wake ina son in ja hankalin 'yan'uwana malamai a kansa. A makarantar da na koyar na ga yara da yawa waɗanda karin kumallonsu taliya ce da mai da yaji, ko 'yar ƙaramar nan mai saurin dahuwa, haka ran Litinin, haka ran Juma'a. Ciki ya cika, amma jikin da ke girma yana bukatar abin gina shi. Abin gina jiki da ke cikin alkama da wanda ke cikin wake suna cika wa juna giɓi. Gwangwanin wake guda, ko ƙwai, ko ɗan busasshen kifi, da danƙin alayyafo ko zogale, sun isa su mai da kwanon taliya cikakken abinci. Kayan miyan nan kuwa 'yan'uwanmu ne ke sauke su kullum a kasuwar Mile 12, daga gonakin Arewa.

Har wa yau, a dafa daidai ci. Ikko gari ne mai zafi da gumi, wutar lantarki kuwa ba a dogara da ita a ce an sa abinci a firiji an huta. Dafaffiyar taliya da ta kwana a tukunya, kamar dafaffiyar shinkafa, akwai wata ƙwayar cuta da ke yaɗuwa a cikinta ta bar dafi, dafin nan kuwa ɗumame ba ya kashe shi. Sau da yawa aman da yaro ya tashi da shi, a ke ɗora wa mayu ko sanyi, daga tukunyar jiya ya fito. Ƙunshi mai giram 500 ya kan ishi manya biyar in da miya da wake. A ƙidaya bakuna kafin a yaga leda.

Ban manta da taliyarmu ta gida ba, wadda har yanzu waɗansu mata a Agege ke yi da ɗan injin nan na juyawa da hannu, su rataya a igiya. Ita ta fi ta kanti saurin dahuwa, minti kaɗan sun ishe ta, sabo da haka ta fi bukatar a tsaya a kanta. Abokin gabanta a Ikko laima ce. A Kano a shanya da safe a kwashe da la'asar, amma a nan, in damina ta kankama, sai ta kwana biyu ba ta bushe ba, ta yi fumfuna. Gwaggo ta kan yi mai yawa a watan Disamba da Janairu, sa'ad da iskar hunturu ke leƙowa kudu, ta adana a mazubi mai murfi. Da damina kuwa kaɗan ta ke yi, a dafa a ranar.

Saura masu cewa wannan duk zancen mata ne, bai kamaci namiji mai shirin zama malami ba. Ina tambayarsu, masu shayi da ke soya ƙwai da taliya a ko wane lungu na Ikko, da masu tsire, da masu balangu, mata ne? In namiji ya dafa don kuɗi a ce sana'a, in ya dafa don cikinsa ko don ya taimaki iyalinsa a ce abin kunya, wannan wane irin lissafi ne? Yawancinmu in mun gama za a tura mu garuruwan da ba uwa ba gwaggo, albashin farko kuwa ba ya ɗaukar sayen abinci sau uku a yini. Bayan wannan, tukunyar taliya darasi ce sukutum. Akwai awon lita da giram a cikinta, akwai tafasar ruwa, akwai dalilin da ya sa mai ke tsayawa a kan ruwa, akwai labarin ƙasa daga Sisili zuwa Kano zuwa Apapa. Yaron da aka koya wa kimiyya da abin da ya ke gani a madafar uwarsa ba zai manta ba, zai kuma kai labarin gida. Amfanin ilmi aiki da shi.

Ran da zan bar Agege na roƙi Gwaggo ta bar mini madafa. Na dafa wake tun da hantsi, na haɗa miya, na tsaya a kan tukunya da cokali a hannu har na sauke. Ta zauna a tabarma ta ci loma uku ba ta ce komi ba, ni kuwa gabana yana ta faɗuwa. Can ta ɗago ta ce, "Ɗan nan, ƙaro mini kaɗan, ka kuma zuba wa Malam nasa a rufe kafin yaran nan su gama da ita." Na sami sakamako mai kyau a gwajin koyarwa, amma wannan shaida ta fi faranta mini rai.

Ina fata wanda ya karanta ya gwada ko sau ɗaya, in ya ga ba haka ba ne ya rubuto wa Edita ya ƙaryata ni a fitowa ta gaba. Allah ya sa albarka a cikin abin da mu ke ci, ya hore wa iyayenmu abin ciyad da mu, amin.